Wane Littafin Turanci Za Mu Ba Ƙannenmu?

Da yawa cikinmu mun sha wahalar haddar Shakespeare tun ba mu iya karanta wasiƙar Turanci ba. Bai kamata ƙannenmu na Dutse da Kiyawa su gāji wannan wahala ba. A ganinmu, yaro ya fara da abin da idonsa ya sani. Burning Grass na Cyprian Ekwensi, wanda ya fito a 1962, labarin Fulani makiyaya ne. Ɗan Kiyawa kuwa ya san ruga, kalmomin kaɗai suka rage masa. Kafin malami ya zaɓi littafi, ya ba yaro shafi guda ya karanta a bayyane. In ya yi tuntuɓe a kowane layi, a ajiye littafin sai baɗi, kome shaharar marubucinsa.