Cire Farfelar Gaba Ba Gyara Ba Ne

Rubutunmu na wannan makon ya bar zancen littattafai ya shiga ƙarƙashin mota, sai a yi haƙuri da ƙaurin baƙin mai.

Duk wanda ya san Rawayya da ƙauyukan da ke kewaye da ita, ko cikin ƙasar Bungudu da Tsafe nesa da kwalta, ya san aikin da tsofaffin Hilux da Land Cruiser ke yi mana. Su ke fito da buhunan gero, dawa da waken suya zuwa kasuwa. Su ke ɗaukar mai naƙuda zuwa Gusau idan ruwan Agusta ya mayar da hanya taɓo. Yawancinsu sun girmi direbobinsu, kuma dalili ɗaya ya sa ake riƙe da su: ƙafafunsu huɗu ne ke ja. Amma ku leƙa ƙarƙashin irin waɗannan motoci a tasha, za ku tarar da wasu babu farfelar gaba. An cire ta, an jefa bayan gareji, an ce wa mai mota an gyara. Mu a ganinmu wannan gyaran gangar auzinawa ne, kuma a yanayin da Zamfara ke ciki yana iya cin rai.

Bari mu fara da yadda abin ke aiki, don kada mu yi ta zuba a kan abin da ba a gane ba. Ƙarfin inji yana bi ta kuloci ya shiga akwatin giya. A bayan giya akwai wani ƙaramin akwati mai raba ƙarfin biyu, shi ne ake sarrafawa da gajeren sandan nan mai rubutun 2H, 4H da 4L. Daga nan farfela ɗaya ta nufi baya, ɗaya ta nufi gaba, kowace ta ƙare a tulun da ke jikin aksil, inda haƙoran ƙarfe ke juya ƙarfin su miƙa wa tayoyi. A kowane ƙarshen farfela akwai kuros, gaɓa mai ƙafa huɗu da ke ba ta damar lanƙwasawa tana juyi. Idan mota ta fara kuka daga ƙasa, ɗaya daga cikin waɗannan ne ke magana, kuma kowanne da muryarsa.

Kuros da ya bushe yakan yi ƙyaƙ-ƙyaƙ idan ana tafiya a hankali, ya buga "kwas" idan an sa giya ko an saki totur, in ya yi nisa kuma mota ta riƙa rawa a kan gudu. Gane shi ba ya buƙatar kwamfuta. A sa wa tayoyi waigi, a cire giya, a kama farfela da hannu a murɗa a jijjiga. In akwai wasa a gaɓar, ko jan ƙura mai kama da tsatsa a bakin hulunanta, an kama ɓarawo. Tulun aksil shi kuma kuka yake yi siriri, kukan yana sauyawa tsakanin taka totur da sakinsa. Boris na taya gurnani yake yi wanda ke ƙaruwa ko raguwa idan an karkata sitiyari hagu ko dama. Ƙas-ƙas-ƙas a lokacin shan kwana, gaɓar shaf ɗin gaba ce, galibi robarta ta yage yashi ya shiga. Idan kuwa inji na ihu mota ba ta ƙara gudu, a bar farfela ta huta, kuloci ne.

To me ya sa ake tsallake duk wannan a tafi ga cirewa? Domin cirewa tana kashe ƙarar nan take. Ƙara ta tafi, mai mota ya ji daɗi, bakanike ya karɓi na goro cikin rabin awa. Cutar kuwa tana nan kwance. In sil ne ke yoyo, zai ci gaba da yoyo har akwatin rabo ya bushe. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 an samu ƙarin hujja, wai cirewar tana rage shan mai. A tsohuwar mota mai makulli a cibiyar tayar gaba, wanda aka rubuta wa LOCK da FREE, murɗa shi zuwa FREE tare da barin sanda a 2H ya riga ya kwantar da dukan kayan gaba, ba sa juyawa. Abin da ake nema da sifana, kamfanin ya ba da shi a makullin da yatsu biyu ke murɗawa.

Za a ce mana, ai mai mota ba shi da kuɗi, kuma wata takwas na shekara hanya a bushe take. Gaskiya ne, ba mu raina wannan uzuri ba. Kayan gyara sun yi tsada, kuma wanda ke neman na cefane ba ya lissafin damina tun cikin bazara. Sai dai mu auna abin da ke ɗaya gefen sikelin. Kafewar mota a taɓo a da can wahala ce kawai, a sauko a tura, a yi dariya. Yau motar da ta kafe da la'asar sakaliya a hanyar daji, da mata da yara a bayanta, kowa a nan ya san abin da ake tsoro. Direban da ya ja sandan 4L a bakin rafi yana zaton zai fita, bai san babu abin da ke haɗe da sandan ba, sau da yawa ma ba shi ya sa a cire ba, haka ya sayi motar ko haka aka ba shi tuƙi.

Ba kanikawa kaɗai za a ɗora wa laifin ba. Al'adar biyan kuɗi a garejinmu ita ce tushen matsalar. Ana biyan bakanike kan abin da ya kwance ya ɗaura, ba a biyansa kan abin da ya gano. Mutum ya kwashe awa biyu yana gwada mota, ya ɗaga ta, ya zubar da mai ya duba, ya ce kuros ɗaya ne kawai, sai a ce bai yi aikin komai ba. Wanda ya sauke tulu gaba ɗaya ya aika a sayo na Beljiyam daga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, shi ne gwani. Da wannan tsari, wane yaron gareji ne zai ɓata lokacinsa yana koyon saurare?

Sayen tulun Beljiyam ɗin ma yana da tarkon da ya kamata a tsaya a kansa. Haƙoran cikin tulu ba iri ɗaya ba ne ko da mota sunanta ɗaya. Wani yana da haƙora 41 a babban faranti da 10 a ƙarami, rabonsa 4.10 ke nan. Wani 43 da 10, wato 4.30. Wani 41 da 9, wato 4.56. A waje duk kama ɗaya suke, kuma za su ɗauru. Idan na baya ya saɓa da na gaba, mota za ta yi tafiya lafiya lau a 2H har tsawon watanni. Ranar da aka sa 4H, tayoyin gaba da na baya za su nemi gudu daban, motar ta riƙa cijewa tana tsalle, sanda ya ƙi fita, ƙarshe wani abu ya karye. Daga nan sai a ce "gaban motar ne ba shi da kyau", a cire farfela. Ƙirga haƙoran kafin a biya kuɗi ba ya cin minti biyar.

Haka ma tayoyi. Waɗannan tsofaffin motoci ba su da abin da ke sasanta gudun gaba da na baya, don haka huɗun su zama girma ɗaya, kuma kada a hau kwalta da 4H. Wanda ya fito daga laka ya miƙe titin Gusau zuwa Tsafe bai mayar da sanda ba, yana murɗe kayan motarsa kamar mai matse wanki.

Sai ruwa, wanda shi ne babban maƙiyi a ƙasar da Gulbin Sakkwato da rafukansa suka ratsa. Tulu yana da ɗan hancin shaƙar iska a samansa. Idan ya yi zafi aka tsoma shi a ruwan sanyi, iskar cikinsa ta tsuke, sai ya zuƙo ruwa ta hancin ko ta sil. Man ya koma kamar koko da madara, boris ya fara tsatsa. Bayan ƙetare ruwa mai zurfi a kwance murfin a duba launin man, a kuma bi kan nonon giris na kowane kuros da bindigar giris. Man giya mai kauri irin 80W-90 mai alamar GL-5 ake zuba wa tulu. Ragowar baƙin man inji da wasu ke ɗurawa don araha ba ya jure matsin haƙoran nan.

Muna da buƙata biyu. Ƙungiyar kanikawa ta NATA reshen Zamfara ta tsayar da kuɗin bincike daban da kuɗin gyara, ko da kaɗan ne, yadda wanda ya gano cuta zai ci guminsa. Sassan injiniyan kanikanci na kwalejojinmu na Kaura Namoda da Talata Mafara kuma su buɗe ƙofa ga yaran gareji da gajeren horo cikin Hausa kafin faɗuwar damina. Ɗalibi ya san lissafin haƙora, yaron gareji ya san muryar ƙarfe, amma ba kasafai suke zama inuwa ɗaya ba.

Ga masu motocin da har yanzu farfelarsu biyu ke nan, littafin Toyota na irin waɗannan motoci ya ce a kulle cibiyar gaba a yi tafiyar aƙalla kilomita 16 kowane wata, don mai ya zagaya kayan gaba kada su bushe. A yi ta a hanyar ƙasa, da rana, kusa da gari, gilashi a sauke ana saurare.