Tsakanin Jami'a da Maƙera: Darasin Suame Magazin

A birnin Kumasi akwai makarantu biyu na aikin injiniya. Ta farko ita ce Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah, wadda ta fara a matsayin kwaleji a 1952, ta zama cikakkiyar jami'a a 1961. Ta biyu ba ta da allo, ba ta ba da takardar shaida, amma dubun dubatan mutane ke koyo da cin abinci a cikinta: Suame Magazin, matattarar makanikai da masu walda da maƙera, inda da wuya a sami gidan zango a Aboabo ko Asawase da ba shi da ɗa ko ƙane ko suruki. Gari ɗaya suke, amma sau da yawa kamar teku ce a tsakaninsu. Ra'ayina shi ne, duk maganar da ake yi ta haɗin gwiwar bincike tsakanin jami'o'i da masana'antu ba za ta taɓa rayuwarmu ba sai an yarda cewa Magazin da ire-irenta su ne masana'antun da muke da su a hannu.

Duniya ta riga ta shaida amfanin irin wannan haɗin gwiwa, kuma mu a Gana mun ɗanɗana. Allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro mai suna R21 masu bincike ne na Jami'ar Oksfod a Ingila suka ƙirƙiro ta. Amma jami'a ba ta da injinan da za su fitar da miliyoyin allurai, don haka ta haɗa kai da kamfanin Serum Institute na Indiya, aka gwada allurar a kan yara a Burkina Faso da wasu ƙasashen Afirka. A watan Afrilun 2023 Gana ta zama ƙasa ta farko da ta amince da ita. Malamin jami'a yana da lokacin bin tambaya har gindinta, mai kamfani kuma yana da jari da injina da kasuwa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

To, amma wane kamfani ne ɗan zango ya mallaka da zai zauna teburi ɗaya da jami'a? Nan ne tarihin Kumasi yake da abin faɗa. A 1972 jami'ar ta kafa wata cibiya ta ba da shawara kan fasaha, aikinta shi ne kai ilimin ɗakin bincike ga ƙananan masu sana'a. Malamanta suka yi aiki da masu yin sabulu da masaƙa da masu kiwon zuma. Da suka lura cewa makaniki ba zai rufe shagonsa ya hau mota zuwa harabar jami'a ya tsaya a ƙofar ofis ba, sai a 1980 suka buɗe reshe a cikin Magazin kanta. Suka kai injinan feƙe ƙarfe, suka koyar da narka ƙarfe da zuba shi, har aka soma ƙera haƙoran injin niƙa a Kumasi maimakon jiran na ƙetare. Duk wanda ya san yadda mai koko da mai tuwo suke dogara da injin niƙa ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Abin ya karɓu har a 1987 gwamnati ta kafa shirin GRATIS don buɗe irin waɗannan cibiyoyi a sauran jihohi.

Sirrin nasarar shi ne malamai sun je inda matsala take, sun saurara kafin su yi magana. Tambayar bincike daga bakin mai sana'a ta fito, amsar kuma a shagonsa aka gwada ta. Yau buƙatar irin wannan zama ta fi ta da. Motocin da ke shigowa ƙasar nan cike suke da kwamfuta, kuma ogan da ya shekara talatin yana gane ciwon inji da kunnensa yana iya tsayawa gaban sabuwar mota ya rasa ta inda zai kama. A can jami'a kuma matasa na kammala karatun injiniya, wasunsu 'ya'yanmu ne, suna yawo da takardu ba aiki. Ɗaya yana da hannu, ɗaya yana da lissafi, kowanne yana talaucewa shi kaɗai.

Ba ƙarfe kaɗai ba. Goro shi ya kawo kakannin da yawa daga cikinmu Gwanja da Salaga da Asante, kuma har gobe sankara tana cinye wa fatake jari a cikin huhu. Saboda tsoron asara wasu kan yayyafa wa goro maganin ƙwari da ba a yi shi don abin da ake taunawa ba. Cibiyar binciken koko da ke Tafo, wadda aka kafa tun 1938, goro yana cikin amfanin gonar da aka ɗora mata bincikensu. Me zai hana shugabannin 'yan goro su je da wannan matsala a rubuce, su ba da rumbunansu don gwaji, su sa wani abu daga asusun ƙungiya? Haka mahautanmu da masu tsire da masu jimar fata da mata masu man kaɗe. Kowace sana'a tana da tambayar da ta isa ɗalibin digiri na biyu ya shekara biyu a kanta.

Sai dai ba kowane haɗin gwiwa ne alheri ba, kuma wajibi ne a faɗi haka. A 1967 wasu masana na Jami'ar Habad a Amurka suka wallafa nazari da ya rage laifin sukari a ciwon zuciya ya ɗora wa kitse. Sai a 2016 aka bankaɗo takardun da suka nuna ƙungiyar masu kamfanonin sukari ce ta biya su, ba su kuma bayyana ba. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Saboda haka sharaɗi na farko shi ne a bayyana wanda ya ba da kuɗi, kuma mai bincike ya riƙe 'yancin faɗin sakamako ko da bai yi wa mai kuɗin daɗi ba.

Sharaɗi na biyu namu ne. Mai sana'ar da ya buɗe wa mai bincike sirrin aikin da ya gada ba abin kallo ba ne, abokin aiki ne. Kada ya zama kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi: malami ya sami ƙarin girma, kamfani ya sami riba, maƙeri ya tashi da hoto. A rubuta yarjejeniya tun farko, a faɗi rabon kowa, a kuma dawo da sakamakon cikin harshen da mutane ke ji, Hausa ko Tiwi ko Dagbani, ba a rufe shi a ɗakin karatu ba.

Za a ce jami'o'inmu ba su da kuɗin bincike, kuma gaskiya ne. Tarayyar Afirka ta daɗe da kiran ƙasashe su ware kashi 1 cikin 100 na arzikinsu ga bincike, kuma mafi yawa ba su kai ba. Amma abin da aka yi a Suame an yi shi ne a shekarun da tattalin arzikin Gana ya fi kowane lokaci durƙushewa. Rashin kuɗi kan rage gudu, ba ya hana tashi.

'Yan uwa, mafarin yana hannunmu. Sarakunan zango da limamai da ƙungiyoyin matasa suna da ikon tara ogannin sana'a da ɗalibanmu na jami'a a zaure ɗaya, kowane oga ya faɗi abu guda da ke ci masa tuwo a ƙwarya, kowane ɗalibi ya ɗauki ɗaya ya kai wa malaminsa a matsayin aikin kammala karatu. Ɗalibin da aka biya wa kuɗin makaranta da ribar gareji ko kwandon goro, nan ne ya fi cancanta ya fara biyan bashi.