Kifin gwangwani: rufin asirin tukunya, amana a wuyan ɗan kasuwa

Duk wanda ya saba kaiwa magariba a kasuwa, ko a Birnin Konni ne, ko Maraɗi ranar Litinin da Juma'a, ko Magarya, ko Gaya, ya san wani ciniki da ake yi a gurguje daidai lokacin da ake naɗe tabarmi. Magidanci ya tsaya gaban mai tebur, ya laluba aljihu, ya ce a ba shi sardin gwangwani biyu da ƙullin taliya da albasa ta dala ashirin. Mahauta sun tashi, ko kuma suna nan amma kuɗin hannunsa bai kai ba. Kafin a kira sallar isha'i yara sun ci sun ƙoshi. Wannan ɗan gwangwani da wasu ke yi wa kallon abincin gwauraye da direbobi, a yau shi ke rufa asirin tukwane da dama a garuruwanmu na bakin iyaka. Saboda haka muke ganin lokaci ya yi da za mu zauna mu yi maganarsa da ku ƴan kasuwa, domin kuwa ta hannunku yake shiga gidajenmu.

Akwai dalilin da ya sa gwangwani ya samu wannan matsayi. A da, matar da ba ta samu nama ba takan jefa banda a miya, wadda ake kawowa daga tafkin Chadi ta hanyar Diffa. Dokar ta-ɓaci da aka kafa a wannan yanki a 2015 saboda rikicin Boko Haram ta hana kamun kifi da cinikinsa na tsawon shekaru, banda ta yi wuya ta kuma yi tsada. Bayan haka Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga watan Agusta na 2019 har zuwa Disamba na 2020. A 2023 kuma, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli a Yamai, takunkumin CEDEAO ya sake datse hanyoyi, gadar Gaya da Malanbil ta rufe, kayan da suka saba shigowa ta Kwatano suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso. Ku kun fi mu sanin abin da ke faruwa da ɗanyen kaya idan mota ta kwana goma a kan hanya. Gwangwani kuwa ba ruwansa da firigo, ba ruwansa da ɗaukewar wuta, yana jira har a buɗe hanya.

Galibin sardin da muke gani a kan teburanku daga ƙasar Maroko yake fitowa, wadda ita ce ta fi kowace ƙasa a duniya fitar da sardin na gwangwani, daga masana'antun da ke garuruwan bakin teku irin su Agadir da Safi. Wanda ake kira Titus ma can ake yin sa. Akwai kuma dogon gwangwani mai kifi cikin ruwan tumatir, irin su Geisha, wanda akasari daga ƙasashen Asiya ake kawo shi. Ƙaramin gwangwanin da muka saba da shi nauyinsa giram 125 ne har da mai, kifin da ke ciki kuma yana ɗauke da kusan giram 20 na sinadarin gina jiki, wato kwatankwacin abin da ke cikin ƙwan kaza uku. Ƙayarsa da ta dahu ta yi laushi, wadda wasu mata ke tsincewa su zubar, ita ce ke ɗauke da sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi da haƙoran yara. A murje ta cikin abinci, kada a ba mage.

Matan da muke hira da su a shirinmu na rediyo sun koya mana dabaru da yawa, kuma babu ɗaya a cikinsu da ke buƙatar abin da ba a samu a kasuwarmu. Mafi sauƙi shi ne garin rogo: a yayyafa masa ruwa ya ɗan kumbura, a yanka albasa da tumatir, a zuba yaji, a juye gwangwani ɗaya da mansa a cuɗa. Ko wuta ba a hura ba. Idan taliya ce ko makaroni, sai a tsiyaye man gwangwanin a tukunya a soya albasa da shi, a zuba tumatir da tattasai, a bari su soyu, a zuba dafaffiyar taliya a juya, sannan a sa kifin a ƙarshe a sauke nan take, domin dafaffe ne tun daga masana'anta, idan ya daɗe a wuta sai ya narke ya ɓace. Haka ake yi wa shinkafa dafa-duka, haka ake ɗora shi a kan shinkafa da wake maimakon mai da yaji kawai. Dambun zogale kuwa, ko kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, idan aka marmasa musu sardin biyu, kwano guda ya ishi yara biyar su ci abin da zai amfani jikinsu. Ribar a nan kashi uku ce: ba a sayi mai daban ba, itace ko gawayi kaɗan aka ƙona, kuma uwargida da ta wuni tana sayar da fura ko goro ba ta kai tsakar dare a bakin murhu ba. Abin lura ɗaya shi ne gishiri. Kifin gwangwani da gishirinsa yake zuwa, don haka a rage na hannu, a rage magi, musamman a gidan da akwai mai hawan jini.

Mun san akwai masu cewa bai kamata a riƙa yabon kayan da ake shigowa da su daga waje ba, alhali muna da masunta a kogin Kwara da Komadugu, muna da wake da gyaɗa da dabbobi. Maganarsu tana kan hanya. Kowane gwangwani da muka buɗe kuɗi ne ya tafi wata ƙasa, kuma waɗanda suka ga faɗuwar darajar sefa a watan Janairu na 1994 ba su manta yadda kayan kanti suka yi tsalle cikin ƴan kwanaki ba. Ranar da banda ko ɗanyen kifi suka samu da sauƙi, a saye su, sun fi daɗi kuma kuɗin ya tsaya a gida. Sai dai uwar da ke da jika guda a hannu da baki bakwai a tsakar gida ba za ta jira a gyara harkar kamun kifi ba kafin ta ɗora tukunya. Da babu gara ba daɗi.

To, a nan ne maganar ta dawo kanku. Kwanakin baya muna zagayen ɗaukar farashi a wata kasuwa ta bakin iyaka, sai muka tarar da wani yaro da tire cike da sardin yana sayarwa rabin kuɗi, mata sun yi masa rumfa. Da muka ɗauki gwangwani ɗaya sai muka ga murfinsa ya taso, wani ya yi tsatsa a bakin ɗinki, wani kuma an goge wurin da ake rubuta ranar ƙarewar aiki. Muka tambaye shi inda ya samo, ya ce ubangidansa ne ya ware su daga cikin kwalaye ya ce ya je ya rabu da su. Yaron bai san abin da yake ɗauke da shi ba. Ubangidansa kuwa ya sani, tun da shi ya ware su da hannunsa.

Gwangwanin da ya kumbura alama ce ta cewa ƙwayoyin cuta sun rayu a ciki suna fitar da iska. Mafi muni a cikinsu ita ce mai haifar da cutar da likitoci ke kira botilizim, wadda dafinta na cikin mafi ƙarfi da aka sani a duniya, kuma ba lallai ne abincin ya yi wari ko ya canja ɗanɗano ba. Yawanci bayan awa 12 zuwa 36 sai mutum ya fara gani bibbiyu, fatar idonsa ta sauko, haɗiya da magana su gagare shi, daga nan jiki ya saki har numfashi ya tsaya. A ƙauye idan haka ta faru sai a ce iska ce ko sammu, a tafi wurin boka, ba wanda zai tuna da gwangwanin jiya. Duk wanda aka ga waɗannan alamu a jikinsa a garzaya da shi asibiti ba tare da jinkiri ba, a kuma faɗa wa likita abin da ya ci.

Da yawa daga cikin masu sayen kayanku ba su yi lakwal ba, wasu kuma ɗan yaro suke aikowa da kuɗi a ƙulle a gefen riga. Ba su iya karanta abin da aka buga da Faransanci ko Turanci ko Larabci a jikin gwangwani ba. Jami'an duwan da na kiwon lafiya ba za su iya buɗe kowane kwali a kowace rumfa ba. Ke nan mai duba na ƙarshe tsakanin masana'anta da bakin yaro shi ne ku. Wannan amana ce, kuma sayar da abin da ka san ya ɓaci algus ne, ko da ka rage kuɗinsa.

Abin da muke roƙo ba mai wuya ba ne. Idan za ku sari kaya ku buɗe kwali ku duba, kada ku tsaya ga abin da aka rubuta a bayansa. A jikin gwangwani akan buga ranaku biyu, ta yin sa da ta ƙarewarsa, wadda sau da yawa haruffan EXP ke gabanta. Wanda aka goge masa rana ko aka manna sabuwar takarda a kai, ku mayar wa mai shi. Kayan da ya biyo ta Nijeriya ku nemi lambar NAFDAC a jikinsa. Ku fara sayar da tsohon kaya kafin sabo. Kada ku jera gwangwani a rana tun safe har yamma, musamman a watannin Afrilu da Mayu da zafi ke wuce digiri 40. Ku fitar da kaɗan na nuni, sauran su zauna a inuwa, a kan katako, nesa da danshin ƙasa lokacin damina. Wanda ya kumbura, ko yake yoyo, ko ya lotsa a bakin ɗinki, ku binne shi inda yara da dabbobi ba za su tono ba. Asarar gwangwani goma ba ta kai asarar sunan da aka yi shekara ashirin ana ginawa ba, balle ran ɗan maƙwabci.

Ku kuma iyaye mata, araha ba ta ado. Ku danna murfi da yatsa kafin ku biya: idan yana motsi yana ƙara, ku ajiye shi. Idan kun buɗe ya yi feshi ko mansa ya yi kumfa, kada ku ɗanɗana don gwaji. Wanda aka buɗe kuma a cinye shi a zama ɗaya, kada a bar saura cikin gwangwani ya kwana a wannan zafi namu.

Muna kira ga sarakunan kasuwa da shugabannin ƙungiyoyin ƴan kasuwa da su sa wannan magana cikin taronsu, su ja kunnen masu tura yara da ruɓaɓɓen kaya, tun kafin hukuma ta zo ta haɗa mai laifi da marar laifi. Mai tebur da ya ware kumburarren gwangwani yau ya tuna cewa shi ma idan ya tashi kasuwa gida zai koma, kuma ba ya nan lokacin da matarsa ta aiki ɗansu sayen sardin a wani teburin. Allah ya ba mu ciniki na halal, ya tsare mana iyalanmu, amin.