Kira ga Hukumar NCAA: Bauca Ba Kuɗi Ba Ce

Mai girma Ministan Sufurin Jiragen Sama, da mai girma Babban Daraktan Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Najeriya, NCAA, ina neman izinin kawo kukana a bainar jama'a, domin na san ba ni kaɗai abin ya ci ba.

A hunturun bara na sayi tikiti daga Kano zuwa Legas don ɗaurin auren 'yar yayana. Muka yini a filin jirgi, hazo ya rufe gari, bayan la'asar aka ce an soke tafiya. Wannan ikon Allah ne, ba mu ga laifin kowa ba. Amma da muka je kanta neman kuɗinmu, sai ma'aikaciyar kamfanin, ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce bauca kawai ake bayarwa, wato takardar shaidar cewa kana bin kamfani tafiya. Aure kuwa washegari ne. Ina za ni da ita bayan an watse? Ranku ya daɗe, Sashe na 19 na dokokin sufurin jiragen sama na 2023 ya ce wanda ya biya da tsabar kuɗi a mayar masa nan take, wanda ya biya ta banki kuma cikin kwana 14. Bauca sai da yardar fasinja. Muna roƙon ku umurci kowane kamfani ya kafe wannan doka a kantarsa, da Hausa da sauran manyan harsunanmu, yadda dattijon da ba ya jin Turanci ba zai sa hannu a kan abin da bai sani ba.

Wanda ya haƙura ya karɓa ma bai tsira ba. Baucar tana da wa'adi, kuɗin tikiti kuma kullum hawa yake. Ranar da na je amfani da tawa sai aka ce in yi ciko. Kuɗina ya kwana a hannunsu wata da watanni, kuma ni ne mai ciko! Muna roƙo a wajabta cewa duk baucar da wa'adinta ya cika ta koma kuɗi a asusun mai ita.

Sai kuma wasan 'yar tura-tura: kamfani ya ce ka koma wurin ejan da ya yanka maka tikiti, ejan ya ce kuɗi na wurin kamfani. Hukuma ta ɗora nauyin a wuyan kamfanin jirgi, shi ya san yadda zai ƙare da ejansa.

Mun yaba da shafin karɓar koke da kuka buɗe a intanet a 2024, da hukuncin da kuka sanar a kan kamfanoni biyar a Disambar shekarar. Wannan ya nuna in kun tsawata ana ji. Sai dai ɗan kasuwar Kantin Kwari mai ƙaramar waya bai san hanyar shafin ba. A ba jami'anku na filayen jirgi ikon yanke magana a wurin, kafin fasinja ya ja jakarsa ya koma gida. Tawa baucar tana cikin aljihu, ranku ya daɗe, saura mako uku ta mutu.