Marubuci ya tallata littafinsa, ina laifin?

Jama'a, na ji wasu suna gunaguni wai yabon kai jahilci ne, don marubuci yana yaɗa sharhin da aka yi wa littafinsa na farko a Facebook. Haba! Mu da muke kasuwanci a Anacha da Inugu ne za mu faɗi haka? Wa ya taɓa kulle kaya a shago ya zauna jiran mai saye?

A 2016 Abubakar Adam Ibrahim, haifaffen Jos, ya ci kyautar adabi ta NLNG, dala 100,000, da dogon labarinsa na farko, Season of Crimson Blossoms, labarin bazawara Hajiya Binta. Hedikwatar kamfanin tana nan Fatakwal. To, a cikinmu mutum nawa ne labarin ya iske, balle su sayi littafin?