Martani ga masu cewa Shaibu Amodu ɗan sa'a ne

Ranar Asabar bayan sallar isha'i, a majalisarmu ta GRA nan Maiduguri, wani ɗan'uwa da muke girmamawa ya zazzage wa marigayi Shaibu Amodu, tsohon kocin Najeriya, kwandon zargi. Na so in tanka a wurin, sai hayaniya ta yi yawa, shayi kuma ya huce. To Malam, ga amsar a rubuce.

Ka ce ba ƙwarewa ce ta kai Najeriya gasar cin kofin duniya ta 2010 ba, Mozambik ce ta yi mana alfarma da ta doke Tunisiya a ranar ƙarshe. Gaskiya ne ta doke ta da ci 1-0. Sai dai ka manta cewa a wannan yammacin na 14 ga Nuwamba 2009, dole sai mu ma mun ci Kenya a Nairobi, kuma an riga an zura mana ƙwallo kafin mu farke mu ci 3-2, Obafemi Martins ya zura biyu. Wasa 12 Amodu ya buga a wannan share fage, ya ci 9, ya yi canjaras 3, ba a doke shi ko sau ɗaya ba. Wace irin sa'a ce take bin mutum wasa goma sha biyu a jere? Ko na 2002 ma haka ne. Bayan Saliyo ta doke mu a Freetown aka sallami kocinmu na lokacin, Bonfrere, aka miƙa wa Amodu ƙungiya da wasa uku a gaba. Ya ci Laberiya 2-0, ya je gidan Sudan ya ci 4-0, ya rufe da Ghana 3-0.

Ka kuma ce bai taɓa ɗaukar wani kofin kirki ba. Wannan ita ce ta fi yi mini ciwo, domin a Maiduguri ka faɗe ta. El-Kanemi Warriors ta ɗauki Kofin Ƙalubale a 1991 da 1992, kuma Amodu ne ke riƙe da ita lokacin da ta kare kambunta a 1992. Daga nan sai da garin nan ya jira shekara 32 kafin kofin ya sake shigowa, a 2024. Kafin ma ya zo mana, ya ɗauki BCC Lions ta Gboko, ƙungiyar kamfanin siminti, ya kai ta ta lashe kofin Afirka na ƙungiyoyin da suka ci kofunan ƙasashensu a 1990, bayan ta doke Club Africain ta Tunisiya. Ban san ko a lokacin kana kallon ƙwallo ba, ba kuma gori nake yi maka ba.

Batun cewa wasansa ba armashi, nan kam na sallama maka rabi. A gasar cin kofin Afirka ta Angola a 2010 Masar ta ci mu 3-1, muka tsallake Zambiya da ƙyar a bugun fenareti. Ni ma na yi tsaki a daren. Amma da na uku aka dawo, kamar yadda aka dawo daga Mali a 2002.

Saura hujjarka ta ƙarshe: wai da yana da amfani da ba a kore shi ana dab da tafiya kofin duniya har sau biyu ba. Malam, ai wannan tuhuma ce a kan masu korar. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A 2002 aka ba Onigbinde ƙungiyar: Ajantina ta ci mu, Suwidin ta ci mu, muka yi canjaras da Ingila, muka dawo da maki ɗaya ba mu fita daga rukuni ba. A 2010 aka ɗauko Bature, Lars Lagerback: Ajantina ta sake cin mu, Girka ta ci mu, muka yi 2-2 da Koriya ta Kudu. Maki ɗaya nan ma. Wataƙila da Amodu ne ya je shi ma haka za ta kasance. Ba wanda ya sani, domin ba a bar shi ya gwada ba har ya rasu a Benin ranar 10 ga Yuni 2016, kwana uku bayan rasuwar Stephen Keshi, mataimakinsa na 2002.

Asabar mai zuwa ina nan a tabarmata. Ka zo da sunan kocin da ya karɓi wurinsa ya fi shi.