A Gyara Tsohuwa Kafin A Sayi Sabuwa

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon a ba ni ɗan filina na kullum, don yau ina da magana da 'yan'uwana akawuna da malamai game da kuɗin da gwamnati ke kashewa wajen sayen kwamfuta da gyaran kayan ofis.

A wani ofis da na yi aiki nan cikin birni, akwai ɗakin da muke kira maƙabarta, inda aka jibge kwamfutoci da injunan buga takarda, ƙura ta lulluɓe su. Ran nan na kirawo wani yaro mai gyara daga Titin Beirut ya duba mini guda. Ya buɗe ta, ya kakkaɓe ƙurar hunturu da ta toshe fankarta, ya sake wata 'yar waya, sai ga ta ta tashi garau. Alhali kuwa a takarda tuni an rubuta ta mutu, har an ba da kwangilar wata, ga kuma kuɗin gyara ana fitarwa kowace shekara. To, jama'a, in ana gyara, me ya kawo saye? In kuwa saye ake yi, me ake gyarawa?

Kada wani ya ce abin kaɗan ne. Da dala ake shigo da kayan nan. A farkon 2023 dala ɗaya wajen naira 460 ce a farashin gwamnati, amma cikin 2024 ta haura naira 1,500. Kowace kwamfuta da aka saya ba bisa larura ba, kuɗin alli da benci da maganin asibiti aka ci.

Doka kam ba a rasa ta ba. A 2007 Gwamnatin Tarayya ta yi dokar sayen kayan hukuma, wadda ta ce a yi shelar kwangila kowa ya ji, masu so su yi takara. A 2015 Ma'aikatar Kuɗi ta buɗe sashe na musamman don rage ɓarna a ofisoshi. A 2019 kuma aka umarci ma'aikatun tarayya su riƙa bayyana wa jama'a duk biyan da ya kai naira miliyan 5. Amma doka ba ta da ƙafa, sai an ɗauke ta.

Magabatanmu sun san tattali. A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, da kuɗin baitulmalin En'e aka jawo ruwan famfo daga Chalawa zuwa birni a 1931. Da kwabo kwabo aka tara su.

Na san wani zai ce kamfanin Microsoft ya janye hannunsa daga Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, kuma waɗansu tsofaffin kwamfutoci ba za su iya ɗaukar na bayansa ba. Gaskiya ne. Sai a ƙidaya irin waɗannan a sake su kaɗai, kada laifin 'yan kaɗan ya shafi masu lafiya.

Ga shawarata guda uku. Ta fari, kowane ofis ya ajiye littafin kaya, a rubuta lambar kowace na'ura da ranar sayenta da wanda ke riƙe da ita. Ta biyu, kada a ba da kwangilar sabuwa sai masana sun duba tsohuwar sun sa hannu cewa ba ta gyaruwa. Ta uku, kada a soke kuɗin gyara ɗungum, gama rigakafi ya fi magani. A ɗauki samarinmu masu gyara aiki da albashi, ya fi kwangilar shekara da ba a ganin mai ita sai ranar biya.

Mu akawuna, da alƙalaminmu ake rubuta takardun nan. Kowa ya duba abin da yake sa wa hannu, don dukiyar jama'a amana ce, za a kuwa tambaye mu.

Haza wassalam.

Naku,
Akawun Cikin Birni, Kano.